Littafin Ɗakin Akwatuna: Yadda Kwamfuta Ke Lissafin Abin Da Ta Ajiye

Ni mutumin Rigachikun ne, garin nan da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Abin da na ke so in yi bayani a kai, wani darasi ne da na koya a zauren gidanmu lokacin dogon hutun da ya wuce. Amma kafin in shiga cikin darasin, bari in ba ku labarin abin da ya jawo shi.

Abin Da Ya Sami Yayata

Yayata ta yi karatun shekara biyu a wata kwaleji mai zaman kanta, ta gama lafiya lau. Masarar da Baba ya noma ita ta biya kuɗin wannan karatu, zango bayan zango. Da ta so ta wuce gaba, sai makarantar da ta nema ta ce lalle ta kawo cikakkiyar takardar sakamakonta, watau makin kowane darasi na kowane zango, aka kuma sa ranar rufe karɓa.

Ta tafi kwalejinsu. Akawun ofis ya ce mata kwamfutarsu ta mutu, amma kada ta damu, domin kowace ranar Juma'a ya kan kwafe kome ya zuba cikin wata 'yar na'urar ajiya da ya ke kullewa a durowa. Aka ɗauko na'urar, aka jona ta a wata kwamfuta. Da aka buɗe, sai aka tarar kwafin ƙarshe da ke ciki ya girmi shigar yayata makarantar. Ashe na'urar ta cika tuntuni. Duk Juma'a wani ɗan saƙo ya kan fito ya ce babu sauran wuri, shi kuwa akawu ya danna ya rufe bai karanta ba, ya mai da na'ura durowa, ya tafi masallaci da zuciya ɗaya.

Dole malamai suka koma tonon takardun jarrabawa cikin kwalaye. Kafin su haɗa makin 'yan ajinsu mako bakwai ya wuce, ranar rufe karɓa kuwa ta daɗe da shigewa. Yanzu haka yayata tana gida, tana taya Inna aiki, tana jiran baɗi.

Kawuna, ƙanen Inna, aikinsa ke nan kula da rumbun bayanai a wani ofis a cikin Kaduna. Da ya zo gaishe mu aka ba shi labari, sai ya girgiza kai ya ce, "Da akwai mutum ɗaya da ya taɓa tambayar ranar da aka yi kwafin ƙarshe, da tun makon farko an gane." Na ce, "Kawu, to, ku a wurinku yaya ku ke ganewa?" Ya ce, "Gobe Asabar. Ka share zaure, ka nemo littafi da biro, zan zo da kwamfutata." Abin da ke biye shi ne abin da na rubuta a wannan rana, da abin da na ƙara bincikawa daga baya.

Mene Ne Rumbun Bayanai?

Rumbun bayanai wuri ne a cikin kwamfuta inda a ke tara bayanai bisa tsari, yadda za a iya nemo kowanne cikin ƙiftawar ido. Galibinsu a yau cikin jadawali su ke ajiye abubuwa, layi-layi da shafi-shafi, kamar rajistar aji: kowane ɗalibi da layinsa, suna da shekara da maki kuwa kowanne da gurbinsa. Wani masanin lissafi mai suna Edgar Codd, wanda ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da wannan tsari a wata takarda da ya buga a 1970. A 1979 kamfanin da a yau a ke kira Oracle ya fara sayar da manhajar rumbun bayanai mai bin wannan hanya. Harshen da a ke yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi kuwa sunansa SQL.

Kada wani ya ce wannan abu na nesa ne. Sunan duk wanda ya yi rajistar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, yana cikin rumbun bayanai. Haka sakamakon WAEC da na NECO. Haka lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN wadda aka fara a 2014, kowacce mai alƙaluma 11. Ko a nan garinmu ga hedkwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, watau NTI, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta na UPE. Tana horar da malamai ta hanyar karatu daga nesa a jihohin ƙasar nan. Ku duba yawan malaman da shaidar karatunsu ta fito daga gidan da mu ke wucewa ta gabansa kullum. Aikin mutum da albashinsa da ƙarin girmansa duk suna rataye da layi ɗaya cikin jadawali.

To, jadawalin nan a ina ya ke zaune? A manhajar Oracle, wadda da ita Kawu ya koya mini, yana zaune cikin waɗansu manyan fayiloli da a ke kira fayilolin bayanai. Kowane fayil yana da lamba da suna, kuma an gina shi da ƙananan yankuna masu girma ɗaya, waɗanda zan kira tubala. Tubali guda galibi bayit 8,192 ne. Ke nan fayil mai girman gigabayit 1 yana da tubali 131,072. Idan faifan da ke ɗauke da fayil ɗin ya lalace, duk abin da ke cikinsa ya tafi, sai fa in akwai kwafin ajiya a wani wuri. Oracle tana da wata manhaja ta musamman mai yin wannan kwafi da mayar da shi, sunanta RMAN, ta fito ne tare da Oracle8 a 1997.

Ɗakin Akwatuna

Da Kawu ya ga na fara ruɗewa, sai ya ce, "Ɗana, in za ku tafi hutu ina ku ke barin akwatunanku?" Na ce a ɗakin akwatuna. Ya ce, "Wa ke riƙe da lissafinsu?" Na ce shugaban ɗalibai na gidanmu, yana da littafi. Duk wanda ya kawo akwati sai a rubuta sunansa, da lambar akwatin, da ranar da ya kawo, da kantar da aka ɗora shi. Kawu ya ce, "Madalla. Ka riga ka san rabin darasin."

Ga yadda abin ya ke. Kayanka da ka ke amfani da su a ɗakin kwana su ne fayilolin bayanai. Akwatin da ka kulle ka kai ajiya shi ne kwafi. Littafin shugaban ɗalibai kuwa, a Oracle wani ƙaramin fayil ne da zan kira fayil mai kula. Shi ba ya ɗauke da sunan ɗalibi ko makinsa. Abin da ke cikinsa lissafin rumbun ne kansa: fayiloli nawa ne, ina su ke, yaushe aka kwafe kowanne, ina aka kai kwafin. Duk sa'ad da RMAN ta gama wani aiki, sai ta rubuta shi cikin wannan fayil.

Sai dai mutum ba zai iya buɗe fayil mai kula ya karanta da idonsa ba, domin ba da rubutun mutane aka rubuta shi ba. Saboda haka aka yi masa tagogi. Abin da na ke kira taga, a fannin rumbun bayanai, wata shiryayyiyar tambaya ce da aka ba suna. In ka kira sunan, sai ta nuna maka amsa cikin siffar jadawali. Ita kanta taga ba ta ajiye kome, leƙawa kawai a ke yi ta cikinta a ga abin da ke ɗaki a wannan lokaci. Tagogin Oracle masu nuna halin da rumbu ke ciki sunayensu suna farawa da harafin V da alamar dala. Karanta su kurum a ke yi, ba a rubutu a cikinsu.

Tagogi Huɗu

Kawu bai nuna mini rumbun ofishinsu ba, domin ya ce bayanan mutane amana ne. Wani ɗan rumbun gwaji ya ke da shi a kwamfutarsa, mai fayil shida, da shi muka yi aiki. Tagogin suna da yawa, amma huɗu ya ce in riƙe.

Ta farko ita ce V$DATAFILE. Ita ce jerin fayilolin bayanai da rumbu ya ke da su a yanzu. Tana nuna lambar kowane fayil, da sunansa da wurin da ya ke, da girmansa, da kuma ko yana aiki ko an dakatar da shi. A misalinmu, wannan ita ce rajistar 'yan gida, watau duk wanda ya kamata a ce yana da akwati.

Ta biyu ita ce V$BACKUP_SET. RMAN ta kan haɗa fayiloli da dama ta ɗaure su wuri guda, kamar dami. Wannan taga tana nuna kowane dami: lokacin da aka fara shi, lokacin da aka gama, daƙiƙa nawa ya ci, kuma wane iri ne.

Ta uku ita ce V$BACKUP_PIECE. Dami ɗaya yana iya kasuwa gida-gida in ya yi girma. Wannan taga ita ke faɗin inda kowane kashi ya ke ajiye, ko a faifai ko a kan tef, da sunan da za a neme shi da shi. Tana da wani gurbi mai harafi ɗaya tak, amma mai nauyi. Harafin A na nufin kashin yana nan ana iya amfani da shi. Harafin D na nufin an goge shi. Harafin X na nufin an je nema ba a same shi ba.

Ta huɗu ita ce V$BACKUP_DATAFILE, ita ce kuma na fi so. Tana buɗe damin ta faɗa maka fayilolin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ga lambar fayil, ga ranar da aka gama kwafe shi, ga yawan tubalan da fayil ɗin ya ke da su, ga yawan waɗanda aka kwafe, har da yawan waɗanda aka samu da lahani. In ka ga lamba 0 a gurbin fayil, to, kwafin fayil mai kula ne shi kansa.

A cikinta akwai gurbin da ke nuna matakin kwafi. Mataki na 0 shi ne a kwafe fayil gaba ɗayansa, ya zama tushe. Mataki na 1 shi ne a kwafe tubalan da suka canja kaɗai tun daga kwafin baya. Alal misali, fayil mai tubali 131,072, in tubali 2,000 ne kurum suka canja yau, babu dalilin a kwashe duka. Wannan dabara tana rage lokaci da wuri. Amma tana da sharaɗi: mataki na 1 ba ya tsayawa da ƙafarsa. In tushen ya ɓace, ƙananan da aka ɗora a kansa ba za su mayar da fayil ba.

Har wa yau kowane kwafi yana ɗauke da wata lamba mai hawa. Oracle tana da ma'auni na cikin gida wanda ke ƙaruwa duk sa'ad da aka tabbatar da wani canji, ba ya komawa baya. Da wannan lamba a ke sanin daidai inda kwafi ya tsaya. Ban da fayilolin bayanai, rumbu yana rubuta kowane canji cikin wani kundi dabam, kundin canje-canje, shi ma ana kwafe shi. Ranar da masifa ta auku, sai a mayar da kwafin daren jiya, sa'an nan a bi kundin daga lambar da kwafin ya tsaya, a maimaita canje-canjen ɗaya-ɗaya har zuwa lokacin da abin ya faru.

Tambayar Da Ta Fi Kowacce

Bayan mun leƙa tagogin, Kawu ya ce, "To, yanzu faɗa mini, rumbun nan yana da kwafi ko ba shi da shi?" Na duba taga ta biyu, na ga an yi dami daren jiya, ya kuma kammala. Na ce yana da shi. Ya yi dariya ya ce, "Kai ma ka zama akawun kwalejin yayarka. Ƙidaya fayilolin taga ta farko." Na ƙidaya, shida. "Ƙidaya na taga ta huɗu." Na ƙidaya, lamba 1 zuwa 5. Fayil na 6 babu shi ko sau ɗaya.

Ashe da gangan ya ƙara wannan fayil da safe kafin ya zo, bayan an riga an yi kwafi. Ya ce a wurin aiki haka ta kan faru ba da gangan ba. Rumbu ya cika, wani ya ƙara sabon wuri, alhali umurnin da ke yin kwafi da dare an rubuta shi tun da daɗewa da sunayen tsofaffin kaɗai. Kullum rahoto ya ce an gama lafiya, kuma gaskiya ne, abin da aka sa shi ya yi ya gama. Wanda ba a sa shi ba ne ba ya faɗa.

Maganin abin shi ne a haɗa taga biyu. A ɗauki jerin fayilolin da ke akwai, a ɗora shi kan jerin waɗanda aka kwafe, a ce wa kwamfuta: nuna mini kowane fayil da ranar kwafinsa na ƙarshe, wanda ba shi da ko ɗaya ma nuna shi. Da SQL wannan tambaya ba ta wuce layi biyar ko shida ba. Da Kawu ya buga ta, sai ga fayil na 6 ya fito da gurbin rana fanko. Daidai ya ke da a kira rajistar 'yan gida ana duba littafin akwatuna. In littafin kaɗai ka karanta, ba za ka taɓa ganin sunan wanda bai kawo akwati ba.

Akwai kuma wata taga mai dogon suna, V$RMAN_BACKUP_JOB_DETAILS, wadda ke ba da labarin kowane aikin kwafi a dunƙule: ko ya kammala, ko ya kammala da gargaɗi, ko da kurakurai, ko ya faɗi. Kawu ya ce ita ya ke fara dubawa kowace safiya kafin ya sha shayi.

Littafi Ma Yana Kuskure

A nan ne darasin ya ƙara zurfi. Kawu ya shiga inda kwafin daren jiya ya ke, ya goge kashi ɗaya da hannunsa, ba ta hanyar RMAN ba. Sa'an nan ya ce in sake leƙa taga ta uku. Na leƙa, sai na ga harafin A yana nan daram, wai kashin yana nan lafiya. Na ce, "Kawu, ai ƙarya ta ke yi!" Ya ce, "Abin da aka rubuta mata ta ke faɗa. In wani ya shiga ɗakin akwatuna da dare ya ɗauke akwatinka, littafi zai goge sunanka da kansa?"

Saboda haka RMAN ta ke da wani umurni mai suna CROSSCHECK. Aikinsa shi ne ya ɗauki littafi ya bi kanta-kanta, ya duba ko abin da aka rubuta yana nan. Da Kawu ya ba da umurnin, nan take A ta koma X. Irin zagayen da malamin gida ya kan yi ke nan, littafi a hannu, yana taɓa kowane akwati.

Ko wannan bai isa ba. Akwati yana iya kasancewa a kan kantarsa, amma gara ta cinye abin da ke ciki. Don haka akwai umurnin da ke karanta kwafin tun daga farko har ƙarshe, tubali bayan tubali, ya tabbatar ana iya mayar da shi, ba tare da ya taɓa rumbun gaske ba. Gwajin da ya fi kowanne kuwa shi ne a sami wata kwamfuta dabam, a mayar da kwafin a kanta, a buɗe, a nemo sunan mutum ɗaya a gani da ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Abu na gaba ya ba ni mamaki: littafin yana mantuwa. Fayil mai kula ƙarami ne, don haka ya kan rubuta sabon labari a kan tsoho. In ba a canja tsarin da ya zo da shi ba, kwana 7 kaɗai aka tabbatar zai riƙe labarin kwafi kafin a iya rubutu a kansa, ko da ya ke ana iya ƙara kwanakin har zuwa 365. Ke nan kwafin watan jiya yana iya kasancewa a faifai, amma rumbu ya manta da shi. Manyan ofisoshi su kan buɗe wani rumbu na dabam, a wata kwamfuta, wanda aikinsa kawai riƙe tarihin kwafe-kwafe na dogon lokaci. Su kan kuma sa RMAN ta riƙa kwafe fayil mai kula da kanta bayan kowane aiki. Dalili a fili ya ke: in gobara ta ci littafin akwatuna, ko akwatunan sun tsira sai an sha wahala kafin a san na wane ne wanne.

Ba Oracle kaɗai ke da wannan tsari ba. Manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft tana rubuta tarihin kwafinta cikin wani rumbu mai suna msdb. PostgreSQL, wadda kyauta a ke samunta, tana da taga mai nuna sau nawa kwafe kundin canje-canje ya yi nasara, sau nawa ya faɗi, da lokacin faɗuwar ƙarshe. Sunaye sun bambanta, tambayoyin ɗaya ne.

Ba Ƙananan Ofisoshi Kaɗai Ba

Na ɗauka irin abin da ya sami yayata sai a wurin da ba a san aiki ba. Kawu ya ce in nemi labarin GitLab, wani kamfani da masu rubuta manhaja a duniya ke ajiye aikinsu a wurinsa. Ran 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyansu yana gyara da dare, ya goge bayanai a kan babbar kwamfuta yana zaton a kan ta biyu ya ke. Kafin ya farga, kimanin gigabayit 300 sun tafi. Da suka juya ga kwafin ajiya, sai suka tarar ma'ajiyar fanko. Manhajar da ke yin kwafin tsohuwa ce, ta PostgreSQL 9.2, rumbun kuwa 9.6 ne, don haka ta daɗe tana faɗuwa. Saƙon imel da ya kamata ya sanar da su faɗuwar shi ma ba ya isowa.

Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka yi da hannu kimanin sa'a 6 kafin ɓarnar, domin wani gwaji. Mayar da shi ya ci wajen sa'a 18. Aikin da mutane suka yi cikin waɗancan sa'o'i 6 ya salwanta, ciki har da sababbin asusu kimanin 700. Kamfanin bai ɓoye ba, ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla domin wasu su koya. Ku lura, ciwonsu da na akawun nan iri ɗaya ne: ana zaton ana kwafi, ba wanda aka ɗora wa nauyin dubawa.

Akwai kuma batun wurin ajiya. Ran 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kwamfutocin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Waɗansu masu hulɗa da su sun rasa bayanansu da kwafinsu gaba ɗaya, domin duka biyun a wuri guda su ke. Shi ya sa masu wannan sana'a ke da ƙa'idar 3-2-1: bayani ya kasance guda 3, watau na asali da kwafi biyu, a kan na'ura iri 2, kuma 1 ya kasance a wani wuri mai nisa. Taga ta uku, mai nuna inda kowane kashi ya ke, da ita a ke gane ko an bi wannan ƙa'ida.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Na san yawancinmu ba za mu riƙe rumbun Oracle gobe ba. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayoyin da tagogin nan ke amsawa, kowa yana iya yin su da littafi da biro. Ga su:

1. Mene ne duka abin da na ke da shi wanda in ya ɓace zan shiga uku?
2. Wanne ne a ciki aka kwafe, wanne ne ba a kwafe ba?
3. Wace rana aka yi kwafin ƙarshe na kowanne?
4. Ina kwafin ya ke, kuma wuri ɗaya ya ke da na asali?
5. Wa ya buɗe shi ya gani da idonsa, kuma yaushe?

Kafin hutu ya ƙare na sayi littafi mai shafi 40, na ja masa layuka biyar. Na rubuta takardun haihuwarmu, da shaidar gama firamare ta kowa, da sakamakon jarrabawar yayyena, da takardar gonar Baba. Na ɗauki hoton kowacce da wayar Yaya, muka tura wa Kawu, muka kuma yi fotokwafi aka kai gidan kakarmu. Da na bi layi ina dubawa, sai na tarar takardar haihuwar ƙanwata ba ta cikin jakar da Inna ta rantse tana ciki. Kwana biyu muka yi muna nema kafin a same ta cikin wani tsohon littafin awo. Na sami nawa harafin X ke nan, tun ba a kai ranar buƙata ba.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo. In an kira taron iyaye da malamai a kowace makaranta 'ya'yanku su ke, bayan an gama maganar kuɗi da abinci, wani ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya: makin yaran nan ina a ke ajiye shi, yaushe aka yi kwafin ƙarshe, kuma wa ya gwada buɗe shi? Tambayar ba ta cin ko kwabo. Haka nan duk ƙarshen zango a karɓi katin sakamako a adana. Da yayata ta tara nata tun daga zangon farko, da aikin malamanta bai kai mako bakwai ba.

Ga 'yan'uwana masu sha'awar kwamfuta, wannan fanni ne da a ke neman masu shi, a bankuna da asibitoci da hukumomin jarrabawa. Kawu ya ce lissafi da Turanci za su taimaka, amma abin da ya fi nema ga yaron da zai koya wa aiki shi ne ya zama mai karanta saƙo kafin ya danna.

Yayata ta karɓi takardarta a ƙarshe. Ranar da ta kawo ta gida, ni na fara amsa, na shigar da ita layi na 23 a littafina, da kwanan wata, da wurare uku da kwafinta ya ke. Allah ya sa baɗi ta dace, mu kuma ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke gabanmu, amin.

Daga wani ɗan aji biyar.